Majalisa da Ƙwaƙwalwar Tsoho: Abin da Kalambaina Ke da Shi, da Abin da Koriya Ke Saye da Kuɗi

Cuɗanya da mutane na daga cikin abubuwan da ke riƙe hankalin tsoho. Likitocin da ke nazarin tsufa sun daɗe da lura cewa dattijon da ke fita kullum, ya gaisa da jama'a, ya yi musu, a nemi shawararsa, ya fi jinkirin ruɗewa a kan tsaransa mai wuni shi kaɗai a ɗaki. Idan kuma aka tambayi su biyun yadda suke ganin rayuwarsu, na farkon ya fi nuna gamsuwa. Ƙasashen da tsofaffi suka yi wa yawa, irin su Koriya ta Kudu, sun mayar da wannan magana aikin gwamnati, da kasafi da ma'aikata. A ƙasar Hausa har yanzu masallaci da ƙofar gida da gidan suna ne ke ɗauke da nauyin, ba tare da kowa ya kira shi aikin lafiya ba.

Kalambaina, a yammacin birnin Sakkwato cikin Ƙaramar Hukumar Wamakko, wuri ne da ya dace a duba lamarin, domin tsufa iri biyu ne ke zaune a cikinta. Sunanta ya bazu saboda siminti. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta kafa kamfanin siminti a nan saboda farin dutsen da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasar yankin, aka fara fitar da kaya a 1967, aka faɗaɗa masana'antar a 1985. Bayan ta koma hannun kamfanin BUA an buɗe sabon sashe a 2018, wani kuma a 2022. Saurayin da ya kama aiki yana ɗan shekara 20 a 1985 ya cika 60 a 2025. Ke nan garin ya riga ya tara rukunin mutanen da suka tsufa a kan albashi, suka san ranar da aka ce musu aiki ya ƙare, suna zaune kafaɗa da kafaɗa da manoma da 'yan kasuwa da malaman zaure waɗanda ba su san wata aba ritaya ba, sai dai ƙarfi ya ragu a rage aiki.

Bambancin nan ba ƙarami ba ne. Manomi kan sauka daga aiki a hankali: bana ya bar huɗa, baɗi ya bar noman farko, amma yana nan yana zagaya gona, yana faɗin lokacin shuka, ana jin maganarsa. Ma'aikaci kuwa rana ɗaya yake rasa abokan aiki da dalilin fita da sassafe da matsayin da ake kiransa da shi. Idan ɗan gari ne, unguwa za ta karɓe shi. Idan aiki ne ya kawo shi daga nesa, abokan hirarsa kuma duk na wurin aiki ne, to shekarun farko na ritaya su ne mafi hatsari gare shi.

Abin da hira ke yi wa ƙwaƙwalwa

Mantuwa iri-iri ce. Tsoho ya manta inda ya ajiye carbi, ko sunan wani ya kuɓuce masa sai can an jima ya faɗo masa, wannan ba ciwo ba ne. Gigin tsufa wani abu ne daban: mutum ya riƙa maimaita tambaya ɗaya bayan an ba shi amsa, ya ɓata a hanyar da ya shekara arba'in yana bi, lissafin kuɗi ya gagare shi, ya rikita raka'o'in salla yau da gobe, a ƙarshe ya kasa gane 'ya'yansa. Mutane da yawa na ɗaukar wannan a matsayin ƙarshen kowane mai tsawon rai. Ba haka ba ne. Cuta ce da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma akwai masu haura shekara 90 ba ta taɓa su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da ita a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ana kuma samun sababbin kamu kusan miliyan 10 kowace shekara. Nau'in da ake kira cutar Alzaima shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Mai bi masa shi ne wanda toshewar ƙananan jijiyoyin jini ke haddasawa, abokin tafiyar hawan jini da shanyewar ɓarin jiki.

Har yau babu maganin da ke warkar da ita, shi ya sa hankali ya koma kan rigakafi. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a 2024, inda ya lissafa abubuwa 14 da idan aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. A cikinsu akwai ƙarancin karatu tun yarinta, da raunin ji, da raunin gani, da hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da rauni a ka, da gurɓatacciyar iska, da ciwon damuwa, da rashin motsa jiki. Kaɗaici a lokacin tsufa shi kaɗai an ba shi kashi 5 cikin 100, raunin ji kuma kashi 7, wanda shi ma ta hanyar raba mutum da jama'a yake yin wani ɓangare na ɓarnarsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa lura da abin da ke gudana a zaman hira. Mai hira sai ya saurara, ya riƙe abin da aka faɗa, ya tuno wanda ake magana a kansa da dangantakarsa da na kusa da shi, ya auna abin da ya dace ya fito daga bakinsa a gaban suruki ko malami, ya gane habaici, ya mayar da martani kafin magana ta wuce. Gaisuwar Bahaushe kawai, da tambayar iyali da gajiya da sanyi da wanda aka ji ba shi da lafiya, jarrabawar tunani ce da ake yi sau da yawa a wuni. Masana sun ce irin wannan aiki na tara wa ƙwaƙwalwa rara, ta yadda ko cuta ta fara cin wani sashe, sauran na iya ɗaukar nauyin na wani lokaci. Kamar wanda ya san lungunan tsohon birnin Sakkwato ne: idan an toshe hanya ɗaya yana da wasu biyar da zai bi ya isa gida, baƙon da ya san titi ɗaya kuwa sai ya tsaya. Ban da wannan, mai fita cikin jama'a yana tafiya da ƙafa, yana cin abinci da marmari, kuma akwai mai lura idan ya rame ko bakinsa ya karkace.

Akwai wani ƙulli da masu bincike suka sha fama da shi. Shin kaɗaici ne ke kawo gigi, ko kuwa gigin da ya fara a ɓoye ne ke sa mutum ya janye daga jama'a? Cutar kan yi shekaru tana aiki kafin a gane ta, kuma tsohon da ya fara rasa kan zance yakan ji kunya ya daina fita. Don a warware wannan sai an bi mutane tun suna da ƙarfinsu. Wani bincike a Ingila ya bi ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 har shekara 28, ya gano a 2019 cewa wanda ke ganin abokansa kusan kullum yana ɗan shekara 60 ya fi wanda ke ganin aboki ɗaya ko biyu sai bayan 'yan watanni tsira da kimanin kashi 12 cikin 100. Ba adadi ne mai girgiza mutum ba, amma na gaske ne. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne igiyar na ja ta ɓangare biyu, don haka ɓacewar dattijo daga sahu ko daga majalisa na iya zama sanadi, tana kuma iya zama alama.

Ƙasar da ta tsufa cikin gaggawa

Koriya ta Kudu ta yi a cikin shekara 60 tafiyar da ƙasashen Turai suka yi a fiye da ƙarni guda. A 1960 ƙasa ce ta manoman shinkafa, ƙasa da kashi 30 cikin 100 na mutanenta ne ke birni. Yau sun haura kashi 80. Ɗan Koriya kan rayu shekara 83 a matsakaici, haihuwa kuwa ta faɗi har ta kai 0.72 ga kowace mace a 2023, mafi ƙaranci a duniya. A Disamban 2024 waɗanda suka kai shekara 65 suka cika kashi 20 cikin 100 na al'ummar ƙasar.

Al'adarsu ta biyayya ga iyaye ba ta gaza ta Bahaushe ƙarfi ba. Babban ɗa shi ke zama da iyaye, matarsa ta yi musu hidima. Amma masana'antu sun kwashe matasa zuwa Seoul da Busan da Ulsan, gidaje suka koma ƙananan ɗakuna a dogayen benaye, mata suka shiga aikin albashi. A 1998 kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda hukumar ƙididdigar ƙasar ta tambaya sun ce kula da tsofaffi nauyin iyali ne. A 2018 masu wannan ra'ayi ba su kai kashi 30 ba. Mutanen da suka gina arzikin ƙasar, suka ƙarar da abin hannunsu a karatun 'ya'ya, sun tsufa kafin tsarin fansho ya yi ƙwari. Kusan kashi 40 cikin 100 na tsofaffin Koriya na cikin talauci bisa ma'aunin ƙasarsu, mafi muni a cikin ƙasashe masu arziki, kuma yawan masu kashe kansu a cikinsu na daga cikin mafi yawa a duniya. Har doka aka yi a 2020 kan mutanen da ke mutuwa su kaɗai a ɗaki ba a sani ba sai bayan kwanaki. A 2021 an ƙirga irin wannan mutuwa 3,378, fiye da rabi kuma maza ne 'yan shekara 50 zuwa 60 da wani abu, wato waɗanda aiki ko aure ya kuɓuce musu.

Gwamnati ta mayar da martani da gini da kuɗi. Ƙasar na da ɗakunan taruwar tsofaffi da suke kira gyeongrodang fiye da 60,000, kusan kowane ƙauye da kowane babban rukunin gidaje na da nasa. Hukuma na taimakawa da shinkafa da kuɗin ɗumama ɗaki da sanyaya shi. Tsofaffi, yawanci mata, su taru su dafa abincin rana, su yi karta, su motsa jiki, su yi gulma. Wanda ya kai 65 na hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta tun 1984. A 2008 aka kafa inshorar kula da gajiyayyu, a 2017 Shugaba Moon Jae-in ya ayyana gigin tsufa a matsayin nauyin ƙasa, aka buɗe cibiyoyi 256 na gwaji da ba da shawara. Tun 2006 kuma ake bin mutum kusan 10,000 masu shekara 45 zuwa sama, ana komawa gare su duk bayan shekara biyu ana auna tunaninsu da jin daɗinsu. Nazarce-nazarcen da aka yi a kan wannan taska sun yi ta dawowa da amsa iri ɗaya: masu halartar ƙungiya ko ɗakin tsofaffi ko taron tsofaffin 'yan makaranta sun fi riƙe kaifin tunani, sun fi ƙarancin damuwa, sun fi cewa sun gamsu da rayuwa.

Mai karatu a Sakkwato zai iya yin murmushi a nan, domin abin da aka gina da biliyoyi bai wuce tabarma a gindin dalbejiya ba. Amma abin lura shi ne Koriyar 1960 ma tana da irin tata tabarmar.

Abin da aka gano a Najeriya

Najeriya na da tarihi a wannan fanni fiye da yadda aka sani. A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Farfesa Hugh Hendrie na Amurka suka fara kwatanta tsofaffin Yarbawa na unguwar Idikan a Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis, da ma'auni ɗaya. Sakamakon 1995 ya nuna gigin tsufa a kashi 2.29 cikin 100 na tsofaffin Ibadan, a Indianapolis kuwa kashi 8.24. Da aka bi su na wasu shekaru, sababbin kamu a Ibadan ba su kai rabin na can ba. An danganta bambancin da ƙarancin kitse a jini da cututtukan jijiyoyi, da irin abinci, da halittar gado. Wani bincike da likitocin Zariya suka buga a 2011 ya samu adadin da ya yi kusa da na Ibadan, wajen kashi 3 cikin 100.

Masu binciken Ibadan sun ci karo da matsalar da ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Gwajin tunani da aka tsara a Turai na tambayar kwanan wata na boko, da rubuta jimla, da zana hoto da fensir. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba za ta faɗi wannan gwaji alhali tana riƙe da lissafin adashin mata ashirin a kanta. Sai suka sauya salo, har da gwajin da ake jera tsinken ashana a ce mutum ya kwaikwayi siffar, suka kuma dogara ga bayanin wanda ke zaune da tsohon. Haka ma alaramman da ya haddace izu sittin, ba daidai ba ne a rubuta shi cikin marasa karatu don bai shiga firamare ba.

Bai kamata ƙananan adadin nan su sa a saki jiki ba. Binciken tsufa na Ibadan da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta, kan mutum fiye da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama, ya nuna a 2007 cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun taɓa fama da matsanancin ciwon damuwa a rayuwarsu, adadin da ke cikin mafi yawa da aka taɓa samu a ko'ina, kuma 'yan kaɗan ne suka ga likita a kansa. Da aka ci gaba da bin su, keɓewa daga jama'a ta fito cikin abubuwan da ke gabatar gigin tsufa. Ashe zama cikin babban gida bai hana kewa.

Wunin tsoho, wunin tsohuwa

Dattijo namiji a Kalambaina, kamar a sauran garuruwan Hausa, yana da jadawalin da ba shi ya tsara ba. Salloli biyar na fitar da shi daga gida sau biyar, kowace fita da tafiyar ƙafa da gaisuwa. Bayan asuba akwai masu zama har hantsi, ko wajen karatun littafi a gaban malami. Mabiya Tijjaniyya na da wazifa kullum da zikirin yammacin Juma'a, 'yan Ƙadiriyya na da nasu zaman, masu zuwa wa'azi tsakanin magariba da lisha na da nasu. Da la'asar sai majalisa: rediyo a tsakiya, ana warware labarin siyasa da farashin gero da taki, wani wurin ana dara. Ɗaurin aure da raɗin suna da jana'iza da zaman makoki kuwa ba sa yankewa, kuma a nan ne ake buƙatar tsoho ba don tausayi ba: shi ne waliyyi, shi ke karɓar sadaki, shi ya san iyakar gonar da ake gardama a kanta da wanda ya haifi wane. Masu bincike sun lura cewa zama cikin mutane kawai bai kai a ce ana buƙatar mutum ba. Wasan jika da kaka, da na taubasai, da irin na Bagobiri da Bayarabe, su ma suna ba tsoho damar da girma ke hana shi a wasu wurare, ta ya yi raha a mayar masa.

Lissafin mata ya bambanta, kuma sau da yawa tsufa buɗi ne gare su. Matar da ta yi shekaru cikin kulle takan samu 'yancin fita idan ta manyanta. Ita ke zuwa barka da biki da gaisuwar mutuwa a madadin gida, ita ce ungozoma, ita ke wankan jego, ita ke kai kayan lefe, ita ce uwar adashi, ita ke sasanta ma'aurata kafin magana ta kai ga alƙali. Makarantun Islamiyya na matan aure sun ƙara mata wata ƙofa, har ana ganin masu jikoki suna saukar Alƙur'ani.

Wannan ba sabon abu ba ne a Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilmantar da matan karkara, kuma dattawan mata ta zaɓa su ja ragama. Kowace jagora a cikinsu, wadda ake kira jaji, takan samu malfa da jan rawani a matsayin alamar izini, ta jagoranci ayarin tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyensu zuwa wurin Asma'u, su haddace karatu cikin waƙa, su koma su koyar da matan da ke cikin gidaje, su kuma kula da marasa lafiya da masu haihuwa. Ba don lafiyar ƙwaƙwalwa aka yi tsarin ba, amma da wuya likitan zamani ya tsara abin da ya fi shi: tafiyar ƙasa, da hadda, da koyarwa, da muƙami, duk ga macen da ta wuce haihuwa.

Waɗanda ke zamewa

Raunin wannan tsari shi ne mai ƙafa da ido da kunne yake yi wa aiki. Wanda jinsa ya yi rauni yakan zo majalisa na wani lokaci, yana murmushi inda bai ji ba, ana ɗaga masa murya, wani lokaci a yi dariya. Daga baya sai ya ga zaman gida ya fi masa mutunci. Duk wanda ya yi shekaru kusa da injina masu ƙara, ko a masana'anta ko a injin niƙa ko a tuƙin babbar mota, yana cikin wannan hatsari. Na'urar taimaka wa ji tana da tsada, amma wani lokaci dattin kunne ne kawai ya toshe, ana wanke shi cikin mintoci. Yanar ido na hana tsoho fita sallar asuba da ta lisha, ta hana tsohuwa gane fuskar mai gaishe ta, alhali aikin cire ta ɗan gajere ne kuma ana yin sa a Sakkwato. Ciwon gwiwa da yoyon fitsari na tsare mutane da yawa a ɗaki, na biyun kuma ba mai faɗinsa saboda kunya da shakkar tsarki. Titin da manyan motoci ke bi dare da rana shi ma katanga ne ga mai sanda, ko da masallacin na tsallake kaɗan.

Sai waɗanda ba su da kowa. Tsohuwar da ba ta haihu ba, ko 'ya'yanta suka rasu, tana zaune a ɗakin ƙarshe na gidan ɗan'uwa, ana aika mata tuwo amma ba mai zama. Akwai tsofaffin da rashin tsaro ya koro daga gabashin jihar, daga Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, zuwa gefen birni. Ana lissafa asararsu da gona da dabbobi, ba a cika lissafa cewa mutumin da ake tashi a ba shi wuri a garinsu ya koma baƙon da ba a san sunansa ba. Gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa maza ke noma tare suna ci daga rumbu ɗaya, ya daɗe yana watsewa. Saurayi mai albashi ya fi son ya kama haya da amaryarsa. Wayar hannu ta rage nisa ga wanda ɗansa ke Legas ko Abuja, ta kuma ƙara shi a cikin gida, inda jikokin da a da ke kewaye kaka don tatsuniya yanzu kowa ya sunkuyar da kai.

Mafi tsanani shi ne halin wanda gigin ya riga ya kama. Iyali kan ɓoye shi don gudun abin kunya, a kulle ƙofa kada ya fita ya ɓata, wato a yanke masa abin da ya rage yana riƙe shi. Wasu a ce aljanu ne ko sammu. Tsohuwar da aka tsinta tana yawo da dare tana sambatu, a wasu wurare maita ake laƙaba mata, har a kai ga duka. Abin da ya fi amfani shi ne a sanar da maƙwabta da limami da masu shaguna halin da ake ciki, a sa takarda mai lambar waya a aljihunsa, a samu yaro ya riƙa raka shi masallaci ko da sallar ta rikice masa, a daina yi masa gardama idan ya kira mamaci kamar yana raye. Mai jinyar, wadda kusan kullum mace ce, mata ko 'ya ko suruka, ita ma tana buƙatar mai karɓarta, don ciwon damuwa ya fi kama masu irin wannan jinya.

Gamsuwa, aljihu da asibiti

Auna gamsuwa da rayuwa ya fi auna mantuwa wuya. Masu bincike kan ce mutum ya ba rayuwarsa maki daga 0 zuwa 10. Dattijon Bahaushe da aka yi wa wannan tambaya zai ce alhamdu lillahi, ko ya ci ko bai ci ba, domin kuka da hali a gaban baƙo rashin godiya ne a wurinsa. Tawakkali na gaske yana sauƙaƙa tsufa, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma amsar na iya rufe ciwo. Damuwar tsoho ta fi fitowa ta jiki: rashin barci, rashin cin abinci, jiri, zafi mai yawo a gaɓoɓi, yawan ambaton mutuwa, da daina sha'awar abin da a da yake so. Irin wannan na iya kama da gigi har a rikita su, alhali shi yana jin magani.

Darasin Koriya a nan shi ne zumunci ba ya maye gurbin abin hannu. A ƙasar Hausa ma shiga jama'a na da kuɗinsa: kuɗin mota zuwa ta'aziyya, gudummawar biki, goro, ɗan abin da za a miƙa wa jika, riga mai kyau ta Juma'a. Tsohon da fanshonsa ya makale, ko hauhawar farashi ta cinye shi, yakan rage fita don kada a ga gazawarsa. Yawancin tsofaffin Najeriya ma ba su da fansho ko kaɗan, tunda ba aikin albashi suka yi ba. Waɗanda suka kai 60 kusan kashi 5 cikin 100 ne na al'ummar ƙasar, abin da ke sa a manta da su a kasafi, amma a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 wannan kaso ya kai miliyan 10. An sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. A Sakkwato akwai Hukumar Zakka da Waƙafi da ke tallafa wa mabuƙata, tsofaffi na cikinsu.

Ta fuskar magani, mazaunin Kalambaina na kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru a cikin birni, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Abin da ya kamata iyali su bambance shi ne saurin zuwan ruɗewar. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Tsohon da jiya lafiyarsa ƙalau yau ya kama sambatu, wannan wani abu ne daban kuma na gaggawa: zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko faɗuwar suga, ko shanyewar jiki, ko maganin da ya yi masa yawa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ƙarancin ruwa a jiki kaɗai na iya gigita tsoho, musamman idan ya dage sai ya yi azumin da shari'a ta riga ta sauƙaƙa masa. Ko a ruɗewar da ta zo a hankali, likita kan duba jini da maƙoshi da sinadarin B12, domin akwai nau'in da ke warkewa idan an gano sanadinsa. Wanda zai raka tsoho asibiti ya kasance mai kwana gida ɗaya da shi, ya tafi da duk magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, ya kuma iya faɗin lokacin da aka fara ganin sauyin da abin da tsohon ya daina iya yi da kansa.